Ranar da Na Tsallake Makaho

Litinin, 7 ga Oktoba

Inna ta iso unguwarmu Abakpa, nan Inugu, daga Malumfashi da rabin buhun dawa, ƙullin daddawa, da Littafi Mai Tsarki wanda idonta ya daina gani. Aikin ido ya kawo ta, in ji ta. Ni dai na fi zaton ni ta zo dubawa.

Ta miƙo mini littafin tare da jadawalin karatu na zumuntar matan cocinsu. Kowace rana da wurin da za a karanta. "Daga gobe ke ce idona, Rahila." Shekara shida rabona da buɗe nawa. Ban faɗa mata ba.

Laraba, 9 ga Oktoba

Biyar da rabi na safe, ana fitowa daga masallacin bayan gidanmu. Ni in karanta, ita kuma ta ɗauki abin da na karanta ta mai da shi addu'a. Yau labarin mai shuka ne. Ta roƙa wa gonar Kawu albarka, ni kuma ta roƙa mini in zama ƙasa mai kyau. Na ji habaicin. Aikina "Amin" ne, kuma ina yin sa da kyau.

Asabar, 12 ga Oktoba

Maijidda maƙwabciyata, mai sayar da albasa, ta kawo kunun gyaɗa, ta durƙusa ta gaida Inna. Da ta ga littafin ta ce, "Inna, a riƙa sa mu a cikin addu'a." An sa ta. Mai keken da ya kai mu kasuwa ne ya kusa faɗawa kwata da ya ga littafin a hannun Inna: "Hausa dey carry Bible?" Shekara huɗu ina amsa wannan tambayar a garin nan.

Litinin, 14 ga Oktoba

Likita ya ja ni gefe. Idon hagu ya riga ya tafi, hawan jinin ido ya cinye jijiyar. Na dama za a cire masa yana, amma kada in sa rai za ta sake karatu. Na ce na gane. Kimiyya nake koyarwa, dole in gane.

A keke Inna ta ce, "Me ya ce miki da Turanci?" Na ce ya ce a rage gishiri.

Talata, 15 ga Oktoba

Na duba jadawali tun kafin ta tashi. Makahon bakin hanya, wanda ya yi ta kira har aka buɗe masa ido. Yau ɗin nan! Na hango ta ɗaga hannu tana roƙon abin da na san ba za a ba ta ba. Sai na buɗe Zabura na karanta mata wata gajeriya. Ta yi addu'arta, mun sha koko. Wa zai sani?

Laraba, 16 ga Oktoba

Delu, ta zumuntar su Inna, za ta sani. Na manta duk matan zumunta abu ɗaya suke karantawa a rana ɗaya, ko suna Malumfashi ko suna Inugu. Ta bugo da yamma, wayar Inna kuma kullum a buɗe take kamar rediyo. "Jiya da muka zo kan makahon nan duk ke muka tuna, har Saraya ta yi kuka!"

Inna ta ce, "Allah sarki. Ni ma na tuna ku."

Ta ajiye wayar. Ina wanke shinkafa, na wanke ta sau huɗu.

"Rahila. Ashe ba gishiri ya ce ba."

Na faɗa mata duka. Ta ce, "Ba mai ɓoye wa tsohuwa makanta sai ke, mai digiri biyu. Tun bara na san na hagun ya mutu. A kaina yake."

Alhamis, 17 ga Oktoba

Ta sa na koma na karanta wanda na tsallake. Muryata ta ba ni kunya. Na jira ta roƙi ido. Ba ta roƙa ba. Abin da ta kama shi ne mutanen da suka ce wa makahon ya yi shiru. Ta ce, "Ya Ubangiji, ba mugunta ce ta sa su ba, tsoro suke kada ka wuce ba ka tsaya ba. Ka ji tausayinsu." Ba ta ambaci sunan kowa ba. Mu biyu ne a ɗakin.

Talata, 22 ga Oktoba

An yi aikin. Awa biyu a kan benci, ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Alhamis, 24 ga Oktoba

An cire bandeji. Tana ganin ƙofa, tana ganin mutum. Ta ce na rame, kuma labulena ba shi da kyau. Na buɗe mata littafin, ta kai shi har hanci, ta ce tururuwa kawai take gani. Ta rufe shi ta ɗora mini a cinya.

Litinin, 28 ga Oktoba

Maganin ya sa ta makara, ban tashe ta ba. Na riga na farka, to me zan yi? Na karanta na yau a hankali don kada jadawali ya wuce mu. Da na gama ba wanda zai ɗauka daga nan, shirun kuma ya yi yawa. Na ɗan yi magana. Ba tsari, rabinta ma ƙorafi ne.

Daga kan gado, idon Inna a rufe, na ji an ce, "Amin."

Ba mu tayar da zancen ba. Gobe ma biyar da rabi.