Maigidana Ya Daina Cewa "To"

Anti, ki taimake ni, gidana ya koma kotu, kuma kullum ni ce nake faɗuwa a shari'a.

Maigidana gyaran firji yake yi. Mutum ne mai kunya, kunnensa na hagu kuma ba ya ji sosai. Wani mai sayar da ƙanƙara ya kai ƙararsa, wai ya cire masa sabuwar kwamfaresa, wato injin firjinsa, ya sa tsohuwa. A kotu aka karanto tuhuma da sauri, fanka tana ta ƙara, bai ji komai ba. Da alƙali ya ɗago ya dube shi sai ya ce "to," kamar yadda yake ce wa kowane babba. Aka rubuta ya amsa laifi, aka wuce da shi gidan yari, ko lauya bai gani ba.

Ƙanena ya samo lauya muka ɗaukaka ƙara. Anti, manyan alƙalai da gilasansu da tulin littattafai suka yini a kan ma'anar "to." Suka ce mutum yana iya faɗinta don ya ji, ko don bai ji ba, ko don ya gaji da tsayuwa. Suka rushe hukuncin, suka ce a sake shari'ar daga farko gaban wani alƙali. Aka ba da belinsa.

Tun da ya dawo bai ƙara cewa "to" ba. Ko mahaifiyarsa ta aike shi, sai ya ce ya ji amma bai amsa ba. Na tambaye shi ina ya tsaya jiya, ya ce in fara karanto masa tuhuma a hankali. Na tsinci takardar cakulan ɗin yara a aljihunsa, ya ce wa ya ba ni izinin bincike? Autanmu ya fasa gilashin taga, ya amsa da bakinsa, uban ya sallame shi, wai silifa tana hannuna lokacin da ya amsa. Yanzu duk hukuncin da na yanke yaran suna ɗaukaka ƙara wurin kakarsu, ita kuwa ba ta taɓa tabbatar da ko ɗaya ba.

Duk wannan zan iya jurewa. Amma na tambaye shi ko har yanzu yana sona, ya ce sai gaban lauyansa. Na shiga kicin na yi kuka. Ga zaman kotu ya matso, ya rantse ba zai buɗe baki ba ko sunansa aka tambaya. Ina tsoron su sake tafiya da shi. Yaya zan yi?

Matar Mai Firji

*

Ƙanwata, na yi dariya, sannan na share hawaye.

Mu fara da abin da ba ya jira. Ni ba lauya ba ce, amma a yadda kika bayar da labarin, ba wanke shi aka yi ba. Cewa aka yi ba a bi hanya ba, a sake. Tuhumar tana nan. Ki kira ƙanenki yau, ku kai maigidan wurin lauya ya fayyace masa inda shiru yake kare mutum da inda yake jefa shi a rami. Ku kuma sanar da lauyan batun kunnen, ya nemi a karanta tuhumar a hankali, a tabbatar ya ji. Wannan haƙƙinsa ne, ba alfarma ba.

Sai gida. Kina da gaskiya, falo ba kotu ba ne, kuma matar da ta yi ta jeka-ka-dawo har aka sako mijinta ba ta cancanci a haɗa ta da lauya ba. Ki gaya masa haka kai tsaye, ba gaban yara ba. Ki roƙi surukarki ta rufe kotunta ta tafi hutu. Auta kuwa ya share gilashin da ya fasa. Amma maganar silifa, ki yi haƙuri, a nan maigidan ya kayar da ke.

Shi ma ki duba nasa. Ladabi ya yi, kalma ɗaya tak, aka kulle shi. Mutumin da aka yi wa haka, bakinsa ne ya zama abin tsoronsa. Duk wannan iyayin sanin doka da yake yi, tsoro ne ya sa rigar lauya. Kowace tambaya da kika yi masa, alƙali yake gani.

Saboda haka ki ajiye tambayoyi na ɗan lokaci. Ki bi shi shago wata rana da rana, ki zauna a kan benci, ki riƙe masa waya ko ki miƙa masa sukundireba. Ki ba shi labarin yadda gidan ya kasance da ba ya nan, wanda ya yi rashin lafiya, wanda ya ƙi cin abinci. Kada ki nemi amsa. Ina kyautata zaton ba wanda ya zauna ya saurari abin da ya gani a can, kuma ranar da ya fara faɗa, ki bar shi ya kai ƙarshe ko da tukunya tana ƙonewa.

Allah ya fid da shi lafiya, ya sanyaya miki zuciya, ya zaunar da gidanku.

Antinku