Nik Ne Kawai

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Inna. Ya ciwon gwiwar? Mu nan lafiya lau, sai kewarku.

Auta ya kama aiki tare da ni a kamfanin kujeru da ƙofofi. An sa shi a kan injin tsaga katako, ni kuma teburina yana bayansa, idona a kansa. Ka kwantar da hankalinka, ƙanena ne kafin ya zama ɗan ɗakin kowa.

Abin da zai ba ka dariya shi ne foman ɗinmu. Baƙo ne, ko gaisuwa bai iya da Hausa ba, kuma kullum cikin gaggawa yake, shi ya sa muke kiransa Maza-maza. Abin da ka koya mana da suna ɗaya, tsaga, shi a Turancinsa suna uku ne. In ka gutsure bakin katako don wani ya hau kansa, noc ke nan. In ka ja doguwar hanya don gilashi ya zauna, gurub ke nan. Wannan bai ba mu wuya ba, ai gurbinmu ne suka ara suka lanƙwasa. In kuwa kurfi, ƙarfen sassaƙa, ya ɗan shafi katako, ƙwarzanen da sai ka sa ido za ka gani, sai ya ce nik. Auta ya ce masu kiran ƙwarzane niƙa ba su taɓa kai hatsi inji ba.

Abu guda ne bai kwanta mini ba. Murfin ƙarfen da ke rufe haƙoran zarton ya karye, an jingine shi a bango sai sabo ya zo. Na yi magana, Maza-maza ya ce a ci gaba da aiki.

A gaida Inna da kyau.

Ɗanka,
Dogo


Baba,

Ina gaisuwa, ina fata kana lafiya. Ka zauna kafin ka karanta, kuma kada ka karanta a gaban Inna. Daga hannun 'yan sanda nake rubuto maka.

Jiya da hantsi katako ya ƙwace wa Auta, zarton ya ja hannunsa na dama. Ƙarar injin ce ta fara sauyawa kafin in ji ihunsa. Da na juyo, jini ya fesa har kan teburina, yatsunsa biyu suna cikin garin katako, sauran hannun kuwa ba zan iya kwatanta maka ba. Na ruga na kashe injin. Kafin in dawo Maza-maza ya durƙusa a kansa, yana ta maimaita kalma ɗaya, har da ɗan murmushi: nik, nik ne kawai.

Baba, kalmar da nake ba ka dariya da ita! Hannun ɗanka ya niƙe, mutumin da ya ce a ci gaba da aiki yana kiransa ƙwarzane. Idona ya rufe. Guduma ce kusa da ni, ita na ɗauka. Bugun farko ya same shi a muƙamuƙi, na ji ƙashi ya ba da ƙara. Ya ɗaga hannu zai kare, na sauke masa a hannun. Ya faɗi na bi shi da ƙafa, ina tambayarsa da Hausa ko wannan ma nik ne. Sai da mutane suka danne ni a ƙasa, wani ya zauna mini a wuya.

Ban san inda aka kai Auta ba. Amma ban yi nadama ba, wanda ya raina jininmu ya ga nasa.

Ku sa mu a addu'a.

Ɗanka,
Dogo


Zuwa ga Baba,

Ina gaishe ka da Inna, Allah ya ba ku haƙuri. Na ji ka iso asibiti, shi ya sa na ba mai fenti wannan wasiƙar ya miƙa maka. Abokin aikinmu ne, yana jin Turanci, kuma yana tsaye a wurin tun daga farko. Yau ya zo duba ni, ya faɗa mini abin da ya hana ni cin abinci.

Ya ce bel ɗin da aka ɗaure dantsen Auta da shi don tsayar da jini, na Maza-maza ne, shi ya cire daga ƙugunsa. Ya ce Maza-maza ya riƙe haɓar Auta ne yana kawar masa da fuska don kada ya kalli hannun ya sume. Wai haka suke yi a harshensu, in rauni ya yi muni sai su kira shi da sunan ƙarami, kamar yadda Inna take ce wa yaro ba komai alhali da komai. Na ga bel ɗin, Baba. Na gan shi da idona, kunnena ne kawai na bi.

Kuma makullin motarsa yana hannun da na karya. Duk wurin shi kaɗai ya iya tuƙi. Sai a kan ƙyauren da muke haɗawa aka ɗauki Auta, aka fita da shi titi ana tsayar da motoci, direbobi suna ganin jini suna wucewa. Likita ya ce da an kawo shi da wuri da ya ceci tafin da yatsu uku. Ka ga dai inda aka yanke.

Laifin murfin zarton yana nan a wuyan masu kamfanin, ba zan janye ba ko a gaban alƙali. Amma jinkirin nawa ne.

Mai fenti ya ce Auta ya aiko a gaishe ni, wai ya gode da na rama masa, wai yanzu ya san yana da wa. Bai sani ba tukuna. Kai za ka faɗa masa, Baba, ni bakina ba zai iya ba.

Ka gaida shi. Ka ce wa Inna ta yafe mini.

Ɗanka,
Dogo