Gahawar Baba

Rotterdam, Oktoba

Ƙanwata Sirkka,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da yara kuna lafiya. Wasiƙarki ta iso. Kin ce tun zuwana gida da bazara Baba ya daina kama sunana, in maƙwabta sun tambaye ni sai ya ce, "Wa? Baƙon nan?" Duk don na ƙi gahawarsa.

To, ki ji abin da shi bai tambaya ba. Ƙwannafi ya ci ƙarfina. Ina walda a cikin jirgin ruwa, da na sunkuya sai ruwan tsami ya taso mini har baki. Likita ya zura mini bututu mai kyamara, ya ce maƙoshina ya saluɓe. Ya hana ni gahawa da taba da soye-soye, ya ce in ci kaɗan-kaɗan, kada in kwanta da abinci a ciki, in ɗaga kan gadona. Katako biyu na sa.

Na san ƙa'idar garinmu Kuhmo: baƙo ne ke ƙi don kunya har sai an matsa masa, ɗan gida kuwa miƙa kofi yake yi. Baba ya yi mini tayi, na ce a'a. Ya sake, na ce a'a. Sai ya fita ya juye butar a kan ciyawa. Kalma ɗaya ta gagare shi, "Lafiya?" Kada ki gaya masa komai. In yana son sani, yana da baki.

Yayanki,
Aulis

Kajaani, Nuwamba

Yaya Aulis,

Muna gaishe ka, yara na tambayar alewarsu. Kai ma ai kana da bakin, me ya hana ka ce ba ka da lafiya? Halinku ɗaya, ku biyun kamar kututture.

Na je Kuhmo na tarar Baba ya rame, ko gurasa ba ta wuce masa sai ya jiƙa. Da ƙyar na ja shi asibiti. Sun ce tsamin ciki ya daɗe yana cin maƙoshinsa, yanzu wani abu ya tsiro a wurin, za su yi masa aiki bayan Kirsimeti. Ba su yi mini alkawarin komai ba.

Ka tuna katakon da ke ƙarƙashin gadonsa, da ya ce mana daɓen ɗakin ne ya karkace? Daɓe lafiyarsa lau. Likitan ƙauye ya hana shi gahawa tun Mama na raye. Ba ya dafawa sai ranar da ka zo. Ka taho, Yaya.

Taka,
Sirkka

Rotterdam, Disamba

Sirkka,

Ina gaisuwa. Na karanta, kuma ba zan ɓoye miki ba, haushi na fara ji kafin tausayi. Wato mutum ya gwammace ya ƙona maƙoshinsa da ya ce wa ɗansa, "Na yi kewarka." Rabin rayuwata ina ƙasar mutane, ban taɓa samun layi ɗaya daga hannunsa ba. In na je, mu zauna gaban murhu, ya zuba, in sha, ya ƙara, mu kalli tabki. Hirarmu ke nan tun ina saurayi.

Amma ba zan zalunce shi ba. Abin da yake da shi ke nan, shi ya ba ni, ni kuma na ture. Ban san nawa yake biya a kan kowane kofi ba.

Na karɓi hutu. In ya dafa zan sha, ƙirjin ya yi abin da zai yi. Maganata tana nan: kada ki gaya masa.

Aulis

Kuhmo, jajibirin Kirsimeti

Ƙanwata mai dogon baki,

Na iso lafiya. Na san kin gaya masa.

Bai tashi ba da na shiga, ya dai ɗora buta. Ya jera kofi biyu, ya zuba. Ruwan zafi ne zalla. Na sha, shi kuma ya yi ta fama da kurɓi ɗaya, ina jin yadda yake wuce masa, na kau da kai.

Ya ce, "Babu daɗi."

Na ce, "Babu."

Ya ƙara mini. Can ya ce, yana kallon taga, "Katako nawa ka sa, Aulis?"

"Biyu."

"Uku ake sawa."

Ni zan kai shi asibitin. Ki gai da yara.

Aulis