Gwajin Kemis Bai Kai Mak Jirgi Ba

Daga ofishin Kyaftin na jirgin Bayu Senja, zuwa ga ma'aikacinmu Rosdi ɗan Jaafar.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta manya, ni Kyaftin, mai hula da zaren zinariya, wanda ba ya ɗaukar alƙalami don ƙaramin ma'aikaci sai abu ya kai intaha, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ka daga annobar nan da ta raba mutane da nasu, Ya kuma ba ka barci mai daɗi, in har kana iya yin sa. Kada ka yi mamakin yadda na san labarin gidanku na Balik Pulau, kowane kyaftin yana da madubin hangen nesa. Da shi na hango mahaifiyarku, Mak, gwiwarta da sauƙi, har tana zuwa masallacin unguwa da ƙafarta. Ƙanwarka Rohaya tana nan a kilinik ɗin da take aiki a Sungai Petani, bakinta lafiya lau, bai rage komai ba. Ƙanin mahaifinku, Pak Su Daud, itatuwan duriyan ɗinsa sun yi 'ya'ya bana har yana kwana a gona yana zargin birai da maƙwabta. Sai autanku Kamil, yaron kirki, mahaddacin Alƙur'ani, kyakkyawa, wanda dangi ba su san darajarsa ba. A kan maganarsa na rubuto maka.

Ka san shekara biyu da wani abu ba ka taka gida ba, tunda ba a barin ma'aikatan jirgi su sauka gari saboda korona. Da labari ya zo cewa jirginmu zai riƙa tsayawa Penang yana ɗaukar masu yawon shan iska, Mak ta ce in ɗa ba zai iya saukowa ba, to uwa za ta hau. Ta kwashi adashinta ta sa aka saya mata tikiti biyu. Ka yi ta ƙoƙarin hana ta a waya, ka ce tsada, ka ce teku za ta sa ta amai. Ta ce ita 'yar masunta ce, tun kafin a yi tunanin haihuwarka take cin shinkafa a cikin kwalekwale, kada ka koya mata teku. Da ka ga ba ta hanuwa sai ka ce to shi ke nan, amma Kamil ya rako ta, kada a wahalar da Rohaya da neman hutu. Rahoto ya nuna mini yaron nan kwana ya yi yana murna. Duk gidan an san shi da tsokana, shi ne mai sa ƙaguwa a takalmin Pak Su a ƙofar masallaci, shi ne ya taɓa kiran Rohaya da muryar gidan rediyo ya ce ta ci firji. Ba a taɓa ba shi amanar da ta wuce sayen kwakwa ba. Ga shi yau babban yaya da kansa ya zaɓe shi.

Takardar da ta zo da tikiti da Turanci take, shi kuwa Kamil ka san iyakar karatunsa, makarantar hadda ce kawai. Amma a shagon shayi ya ji ana gardama a kan gwajin korona da ake nema kafin shiga jirgi. Wani ya ce wanda ake saye a kemis a yi a gida ya wadatar, wani ya ce sai na kilinik mai hatimi. Yaron bai yi ƙasa a gwiwa ba, ya kira wanda ya fi kowa sani, wato kai. Sau biyu ya tambaye ka, a rana daban-daban. Ka yi dariya ka ce duk kanwar ja ce, na kemis ma ya isa, 'yan kilinik kuɗin mutane kawai suke ci. Ka ce kada ya tambayi Rohaya, za ta mai da abin shari'a ta hana kowa sakat. Ka ƙara da shawara mai kama da tausayi, ka ce kada su yi sammako, su bari sai dab da rufe ƙofa lokacin da layi ya watse, saboda gwiwar Mak. Har godiya ya yi maka.

Da safen tafiyar, da ka ga gidanku da ka yi dariya, ko kuma ka yi kuka. Mak ta zauna a kan tabarma tana tara yawu a ɗan mazubin gwajin da aka sayo a kemis, tana mita wai tun tana yarinya ake hana ta tofi a gaban mutane, yanzu da tsufanta an sa ta saya da kuɗi. Aka ɗiga, aka zuba ido, ita tana salati, Kamil yana tsokanarta wai ya ga layi na biyu yana leƙowa, har sai da ta kai masa duka da mafici. Layi ɗaya ya fito a nata, ɗaya a nasa, alamar babu cuta. Ya ɗauki biro ya rubuta suna da kwanan wata a jikin kowanne, da ajami mai kyau irin wanda malaminsa ke yabo, ya ɗauke su hoto kusa da katin ɗan ƙasa kamar yadda kowa ke yi, ya naɗe su a hankici. Mak ta sa sabuwar rigarta shuɗiya, ta rungumi gwangwanin dambun nama da kwakwa da ta kwana biyu tana tuƙawa saboda kai. Matan unguwa suka rako ta har bakin titi suna cewa a gaishe da babban jami'i, don kowa ya ga hoton da ka aiko, kai cikin farar riga mai igiya a kafaɗa.

A tashar jirgi wata ma'aikaciya ce a tebur, sunanta Siew Lan a rubuce a ƙirjinta. Kamil ya kwance hankici ya shimfiɗa mata abin kamar mai kawo lefe. Ta duba, ta dubi Mak, sai fuskarta ta canja. Ta ce ba wai abin gwajin ne ba shi da kyau ba, amma wa ya ga lokacin da aka yi, kuma wa zai ce yawun wane ne? A wannan jirgin sai wanda aka yi a gaban likita ko ma'aikaciyar jinya, aka ba da takarda da hatimi. Kamil ya tashi da malanta, ya ce ga shaidu biyu baligai masu hankali, shi shaidar Mak, Mak shaidarsa, in ana so ma ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani. Ta ce wallahi ta yarda da shi, amma na'urar da ke gabanta ba ta karɓar rantsuwa. Ya ce ai yayansa ma'aikacin jirgin ne, shi ya ce musu na kemis ya isa. Sai ta ce a hankali, wannan doka tun ranar da jirgi ya dawo aiki take, ko mai feraye dankali a ciki ya san ta, tunda su ma hancinsu bai huta da tsinken gwaji ba. Ta ce da sun zo da safe ma da babu komai, ga kilinik nan bayan kasuwa, mutane da yawa sun je sun dawo.

Suka shiga tasi, Mak tana rungume da gwangwani. Kilinik cike, layi har waje. Kamil ya roƙi kowa, ya ce da wani tsoho kawu, ya ce da wata yarinya hajiya, aka bar su suka wuce mutum kaɗan. Kafin takarda ta fito su koma, an ja ƙofar shiga jirgi. Mak ta nemi benci kusa da babban gilashin da ke kallon jirgi ta zauna, ta cire takalmi ɗaya tana murza gwiwa. A bayan gilashin masu dako suna tura akwatunan ƙarshe. Akwai wani cikin shuɗin kayan aiki, da takunkumi da hula, ba a ganin komai sai idanu. Kafin ya ɗaga akwati sai ya goge tafin hannunsa a bayan wando, dama sannan hagu. Mutum biyu na sani a duniya masu yin haka, ɗaya mahaifinku ne, yana kwance a maƙabartar bayan masallaci. Mutumin ya ɗago, idonsa ya faɗa cikin nawa, wato cikin na Kamil. Ya ga tsohuwa da gwangwani a cinya. Sai ya juya amalankensa ya bi ta bayan tulin kaya, bai sake fitowa ba.

Abang, yayana, har nan da sauran uzuri. A mota muna komawa ina ta nema maka shi. Na ce kunya ce, rigar hoton aro ce, mutum ya yi ƙarya ɗaya ta girma ta fi ƙarfinsa, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Na ce zan rufe bakina har ka kira ka gyara. Da muka isa gida yayata, Kak Rohaya, ta kira, ta wanke ni tas. Ta ce ita da hannunta take buga wa takardun nan hatimi kullum, amma ɗan'uwanta ya kai uwarta tasha da yawu a hankici. Ta ce mai izu sittin a ka, babu ko ɗaya na hankali. Pak Su ya zo har gida ya tambaye ni a gaban yara ko wannan ma cikin wasannina ne, ya ce ƙaguwa a takalmi ya yafe, amma adashin gwauruwa ba abin wasa ba ne. Ni dai ina jiran kiranka. Washegari ka kira, aka sa waya a tsakiyar tabarma kowa yana ji. Ka yi salati, ka ce ka tsaya a saman jirgi kana ta duba hanya. Sannan ka ce ai kun san halin Kamil, ka gaya masa na kilinik, wataƙila bai saurara ba.

A nan ne na gane dalilin da ya sa ka zaɓe ni. Ba ka nemi wanda zai kai Mak jirgi ba, ka nemi wanda ba ya karanta Turanci, wanda kuma in ya ce ba laifinsa ba ne ba wanda zai yarda. An ce sabo da kaza ba ya hana a yanka ta, amma ban taɓa zaton ni ne kazar ba. Kai ka koya mini iyo a bakin tekun Pulau Betong. Kai kake ɓoye ni a bayanka in Pak Su ya ɗauko sanda. Tun daga ranar ban tsokani kowa ba, har yaran masallaci suna tambaya ko ba ni da lafiya.

Kwanaki bayan haka ina goge wa Mak kwakwa a bayan gida, ita tana tsince shinkafa, sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba, yaron nan ya rame, amalanken da suka ba shi ƙafarsa ɗaya a karkace take, zai ɓata masa kafaɗa. Na ajiye kwakwar. Ta ce uwa ba ta bukatar a cire takunkumi. Ta ce da dakon buhunan shinkafa a waccan tashar ubanmu ya ciyar da mu uku, ba ta taɓa sunkuyar da kai a gaban kowa saboda haka ba, ba ta san a ina ka koyo kunyar ba. Abin da ya fi ci mata rai, in ji ta, ba ta samu ta ce maka ka riƙa durƙusawa kafin ka ɗaga kaya ba. Sannan ta sa na rantse cewa ni Kamil ba zan gaya maka ta gan ka ba, don kada ka ji nauyi. Ka ji uwarka. Kai ka bar ta a benci, ita tana tsoron kada ka ji nauyi.

Ga abin da nake nema. Maganar sunana na bar ta, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ka gyara ta wajen Kak Rohaya da Pak Su ranar da zuciyarka ta iya. Amma jirginku zai sake tsayawa Penang a watan gobe. Tikiti dai babu, adashi ya tafi. Zan kawo Mak bencin nan, kuma wannan karon da sassafe. In ka zo wucewa da amalankenka, ka tsaya, ka sauke takunkumi, ka ɗaga mata hannu a cikin shuɗin kayanka. Wannan ba ya bukatar gwajin kemis ko na kilinik. Dambun yana nan a kan kabad, ba ta bar kowa ya taɓa ba, Siew Lan kuma ta ce za ta san yadda za a miƙa maka shi. In ka sake bi ta bayan kaya, ba zan tona ka ba, amma ba zan ƙara nema maka uzuri ba.

Mak tana gaishe ka, ko da yake ba ta san ana rubutun nan ba. Kak Rohaya da mijinta Abang Fauzi da 'yarsu Insyirah suna gaisuwa, haka Pak Su da matarsa Mak Su Zaiton. Ka gaishe da abokan aikinka masu dako, Allah Ya ƙara musu ƙarfin baya.

Saura ikirari. Ba Kyaftin ba ne, na san ka gane tun layin farko, don ba a taɓa yin kyaftin da ke rubutu da ajami ba. Na yi da ajami ne saboda in takardar ta faɗi a ɗakinku kada wani ya karanta sirrinka. Na ari hular Kyaftin don in zagaye rantsuwar da na yi wa Mak, in ce ba ni na faɗa ba, amma hular ta faɗi a tsakiyar hanya, kuma malaminmu bai koya mana yi wa Allah wayo ba. Ciyar da miskinai goma ya fi ƙarfina, don haka na ɗauki azumin kaffara, yau ne na farko, ga duriyan ɗin Pak Su yana ƙamshi har cikin ɗaki. Wannan ma kai ka ja mini.

Ƙaninka da ka zaɓa,
Kamil