Hannun Gwaggo ya warke, amma ba da mansu ba

Salamu alaikum 'yan gida, admin a sakaya sunana. Ku taimaka mini da shawara don Allah, kaina ya ɗau zafi.

Ina aiki da wani furoje, wato aikin bincike, nan Matamaye, lokotoro biyu ne, wato likitoci, ke gwajin sabon man shafawa na kirci, ni ke yi masu tafinta, ni ke ɗaukar hoton hannayen mutane duk sati biyu. Sharaɗin ɗaya ne, duk wanda ya yarda ya shiga, man nan kaɗai zai shafa, in ya ƙare ya maido robar.

Ni da ƙafata na kai Gwaggo, ƙanwar babana da ta riƙe ni, kirci ya tsattsaga mata hannu har wanki ya gagare ta. Sau biyu na karanta mata takardar yarda kafin ta dangwala. Cikin wata biyu hannu ya yi sumul, babban lokotoron har rawar jiki yake in ya ga hotonta.

Jiya na shiga gidanta, sai ga maƙwabciya ta tara murfin kwano ana lakato mata man. Ashe tun satin farko rabar da shi Gwaggo take, wai ba ta iya ajiye magani a ɗaki, mai ciwo ya zo ta ce babu. Ita kuwa man kaɗanya take shafawa da garin wata saiwa da ƙawarta ta aiko daga Tsauni. Na yi faɗa har muryata ta dishe, ta ce ai waraka ake nema kuma an samu, wai tun da na fara bin masu farar riga na koyi rowa. Ni, rowa! Ta rantse in na tona ta gaban baƙi kada in ƙara taka mata gida.

In kuma na yi shiru, hotonta zai shiga sakamako, a ce man yana aiki, a raba wa mutane abin da ko taɓa hannunta bai yi ba. Wallahi haushi kamar in yi kuka.

Yanzu lokotoro ya ce in kawo ta ran Alhamis ta gaya wa sababbin mata yadda take shafawa. Har ta kai zanenta guga, kuma duk abin da ta faɗa, ta bakina zai kai kunnensa. Jama'a, in faɗi gaskiya, ko in fassara?