Ranar da Aka Kawo Wuta a Lokuwa

Mubi, 9 ga Fabrairu, 2015

Zuwa ga maigidana Elkana,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya Jimeta, yaya Anita da makaranta? Ina fata ciwon bayanka ya yi sauƙi.

Ni da Mama mun iso lafiya. Gida yana tsaye, sai dai an ɓalle ƙofa, ɓeraye kuma sun yi mulkinsu. Mahaifiyarka ta shiga ɗakinta ta ce ko gawarta ba za ta sake barin Mubi ba. Unguwarmu Lokuwa shiru, har yau ba a kawo wuta ba.

Na ga maƙwabcinmu Hammanjoda, ya rame ƙwarai. Na tuna ka ce in nisanci duk wanda ya zauna a garin nan lokacin da mutanen daji masu bindiga suka riƙe shi, saboda haka gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Matarka,
Miriyamu

Mubi, 20 ga Maris, 2015

Baban Anita,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Kada hankalinka ya tashi, dukanmu muna raye.

Ranar Talata da rana aka kawo wuta. Yara na ihun murna a titi, sai na ji ƙara tas-tas daga falo. Na kwanta a ƙasa, na ɗauka mutanen daji sun dawo ne. Warin ƙonanniyar roba ya tashe ni. Ashe wayar firiza ce da ɓeraye suka ci, wuta ta kama labule, ga Mama tana barci a ɗakin ciki.

Na ɗauko bokitin ruwa a guje. Ina bakin ƙofa Hammanjoda ya diro ta katanga ya fizge shi daga hannuna. Ya ce, "Maman Anita, kar ki zuba! Lantarki zai bi ruwan ya kama ki!" Ya ruga wurin mita ya zare fis, sannan muka yi ta watsa yashin ginin da ka tara har harshen wutar ya kwanta. Shi ya goyo Mama ya fito da ita ta cikin hayaƙi. Labulen da ya finciko ya ƙone masa hannun dama.

Firiza ta tafi, silin ɗin falo ma. Tizhe mai gyaran lantarki ya hana mu mayar da fis sai ya sake wayoyin gidan duka.

Jiya Mama ta aike ni gidansu da kaza. A can matarsa Fatimatu ta gaya mini abin da ya hana su gudu: tsohuwarsa ba ta iya tafiya, shi kuma ya ƙi barin ta. A kwanakin da aka riƙe garin ta rasu, shi kaɗai ya haƙa kabarinta a bayan gida.

Ban ce ka manta da ƙanenka Seth da mutanen daji suka kashe ba, ni ma ban manta ba. Ban kuma san abin da kowa ya aikata a wancan lokacin ba. Abin da idona ya gani kawai na rubuta maka.

Da zan fito, Hammanjoda ya rako ni har ƙofa, hannunsa a naɗe da tsumma. Ya tambaye ni yaushe abokinsa, wato kai, zai dawo. Na ce zan tambaye ka. Ka aiko mini da amsa ta hannun direban da ya kawo maka wannan.

Mama tana sa muku albarka.

Taka har kullum,
Miriyamu