Ambulan ɗin Zuwaira

Yaya Balaraba,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna? Ya yara?

Ƙaninki dai ya zama babban mutum a Amurka, tunda mijin ɗalibar likita ai rabin likita ne. Kullum Zuwaira sai ta kwantar dani tana ƙwanƙwasa min ƙirji, wai gwaji. Nace mata, "Likita, kin taɓa ganin mara lafiyar da ke tuƙa wa likitansa tuwo?" Bizata ta hana ni aiki, to daga kicin sai bakin taga. Hutu nake kamar gwamna.

Na yiwa Inna alkawari Zuwaira na gama karatu zan taho gida. To jiya aka tara ɗaliban, kowa aka miƙa masa ambulan ɗauke da sunan garin da zai yi horon aikin likita, kuma ba a musu. Namu Fargo, shekara huɗu. Tayi tsalle, ni har na fi ta ihu. Lauyanmu kuma yace in na fita daga ƙasar kafin sabuwar takardar zama ta fito, da wuya in dawo.

Ki aiko min kuka da daddawa. Ki gaya wa Inna nayi ƙiba. In ta tambayi yaushe zan zo, kice nan ne rubutun bai karantu ba. Zata yarda, ta san hannuna.

Allah ya ƙara mata lafiya.

Naki,
Tanimu